Jaririn da Ya Zo da Alama a Gaɓa ko a Fata: Kada Ki Jira Sai An Yi Arba'in



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai halitta, Mai rayawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yar uwa uwargida, barkanmu da sake saduwa a filin kiwon lafiyar iyali. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi jariran da ake haifa da wata alama a hannu ko a ƙafa, ko kuma a jijiyoyin jini. Abu ne da kusan kowace unguwa akwai shi, amma ba mu cika son a yi zancensa ba.

Ki ɗauka ke ce kika sauka, ko 'yarki da ta dawo gida goyon ciki. An yanke cibi, an wanke jariri, sai kika ga unguwarzoma ta yi jim tana jujjuya ƙafarsa. Kina dubawa kika ga tafin ƙafar ya murɗe yana kallon ɗan uwansa. To me muka saba yi? Sai a sa masa safa, a naɗe shi a zani, 'yan barka su zo su tafi ba wanda ya gani. A ce bari a yi suna tukuna. Bayan suna a ce bari mai jego ta yi arba'in. Bayan arba'in kuma a ce ai in ya fara tafiya za ta miƙe da kanta. Da haka har yaro ya shekara biyu yana taka gefen ƙafa.

Wannan jiran shi ne abin da nake son mu yi wa kanmu faɗa a kai. Yawancin waɗannan larurori suna da magani, kuma maganin ya fi ci a makonnin farko, wato daidai kwanakin da muke rufe mai jego da jaririnta a ɗaki.

Ki kuma sani ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin jarirai 6 cikin kowane 100 ana haifarsu da wata tawaya ta halitta, babba ko ƙarama, kuma kusan 240,000 daga cikinsu suna rasuwa duk shekara kafin su cika kwana 28.

YAUSHE GAƁOƁI KE SAMUWA?

Wajen kwana 22 da shigar ciki zuciyar ɗan tayi ke fara bugawa, jijiyoyin jini kuma su soma bazuwa kamar saiwoyin bishiya. A ƙarshen mako na huɗu sai wasu 'yan tsirrai huɗu su ɓullo a gefen jikinsa, biyu a sama biyu a ƙasa, su ne hannaye da ƙafafu. Da farko tafin hannu a manne yake kamar faifai. Daga baya naman da ke tsakanin yatsu ya narke, yatsu su rarrabu. Kafin ƙarshen mako na takwas an gama fasalin hannu da ƙafa, abin da ya rage sai girma.

Kin ga ke nan duk wannan aiki yana gudana ne a lokacin da mace ke cewa ta yi ɓatan wata, ba ta ma tabbatar ciki ne ba, balle ta fara zuwa awo. Ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar rigakafi.

BAMBANCIN HALITTA DABAN, TAWAYA DABAN

Ba kowane abu da ya saɓa wa na sauran mutane ne ciwo ba. Kamar yadda fuskoki suka bambanta, haka cikin jiki ma ya bambanta. Kin taɓa lura idan za a ɗebi jini a asibiti, wata nan take ake samun jijiyarta, wata kuwa sai an yi ta lalube? Dalili shi ne hanyoyin jini a gwiwar hannu ba tsari ɗaya suke bi ga kowa ba. Ko ki gwada wannan: ki haɗa babban yatsanki da ƙaramin yatsa, ki ɗan lanƙwaso wuyan hannu. Yawancin mutane za su ga wata jijiya ta taso a tsakiya, wasu kuwa ba su da ita ko kaɗan, kuma ba abin da ya ragu na ƙarfin hannunsu. Irin wannan shi ake kira bambancin halitta, ba ya buƙatar magani.

Haka kuma igiyar cibiya tana da hanyoyin jini uku: biyu masu fita da jini daga jariri, ɗaya mai kawo masa. Kusan jariri 1 cikin 100 yakan zo da biyu kacal. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, sai dai likita kan so ya duba zuciya da ƙoda don ya tabbatar.

Tawaya kuwa ita ce wadda za ta hana gaɓa aikinta, ko ta jawo ciwo, ko ta zama alamar wata matsala da ke ɓoye a ciki. Wanda zai iya raba miki waɗannan biyu shi ne ma'aikacin lafiya da ya duba jaririn da idonsa. Kaka da maƙwabciya, duk da son da suke yi mana, ba za su iya ba.

ABUBUWAN DA AKE GANI A HANNU DA ƘAFA

1. Cindo. Wannan kowa ya san shi, har suna muke sa wa mai shi. Ƙarin yatsa ne, yawanci a gefen ƙaramin yatsa. Ya fi yawa a cikin baƙar fata, domin ya ninka na Turawa kusan sau goma, kuma yakan bi jini, sau da yawa za ki ga uba ko kaka na da shi. Iri biyu ne: akwai wanda ke reto da 'yar siririyar fata, akwai kuma mai ƙashi da gaɓa. Abin da aka saba a gida shi ne a ɗaure shi da zare har ya bushe ya faɗi, ko wanzami ya cire. Haɗarin da ke ciki shi ne zubar jini, da ruɓewar wurin, da ciwon sarƙe-haƙora idan aska ko zaren ba su da tsabta. Sannan ɗauri yakan bar ɗan tudu mai zafi wanda yaro zai girma da shi. A asibiti ƙaramin aiki ne. Idan mai ƙashi ne, ko kuma babban yatsa ne ya zo biyu, sai an ɗauki hoton ƙashi, a yi aikin idan yaro ya kai wajen shekara guda.

2. Mannewar yatsu. Wato yatsu biyu ko fiye su zo a haɗe, saboda naman nan da ke tsakani bai narke ba. Ana samunsa a kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 3,000. Na yatsun ƙafa yawanci ba ya hana komai, ana iya barinsa. Na hannu ana raba shi da tiyata tsakanin shekara 1 zuwa 2. Amma idan dogon yatsa ne ya manne da gajere, ana gaggauta aikin tun yaro na wajen wata 6, don kada gajeren ya janyo dogon ya karkace. Don Allah kada a sa reza a gida. Jijiyoyin jini da na ji suna bi ta nan, kuma fatar ba ta isa rufe yatsu biyu sai an yi ƙari.

3. Murɗaɗɗiyar ƙafa. Ƙafa ce da ke kallon ƙasa ta kuma juya ciki, ko kin kama ta da hannu ba za ta miƙe ba. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ke zuwa da ita, maza sun ninka mata, kuma rabin masu ita ƙafa biyu ne. Wannan ba shan inna ba ce, domin shan inna bayan haihuwa take kama yaro. Gashi da ruwan zafi ba ya miƙar da ita, haka nan ba aikin mai ɗori ba ne tunda ba karaya ba ce. Idan aka bar ta, yaro zai taso yana taka gefen ƙafa ko bayanta, wurin ya yi kanta, ya riƙa gyambo, takalmi ya gagare shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kan wannan ne aka gina maganinta. Wani likita ɗan asalin Sifen mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ayowa ta Amurka, shi ya tsara hanyar da duniya ke bi yanzu, ya kuma fitar da sakamakonta a shekarar 1963. Ga yadda take:

Na farko, duk mako ma'aikaci zai ɗan juya ƙafar a hankali, ya sa mata siminti tun daga yatsu har cinya. Yawanci sau 5 zuwa 8 ake yin haka.

Na biyu, mafi yawan yara sai an ɗan tsinke musu agara, wato jijiyar bayan diddige, don ƙafar ta samu ɗagowa. Aikin 'yan mintoci ne, sai a mayar da siminti na mako 3, agarar kuma ta haɗe da kanta.

Na uku, a ba shi wasu takalma biyu da aka haɗa da sanda. Zai sa su awa 23 a rana har wata 3, daga nan kuma sai lokacin barci kawai har ya shekara 4 ko 5.

Sama da yara 90 cikin 100 da aka bi musu wannan hanya yadda ya kamata suna tafiya, su yi gudu, su sa takalmi kamar kowa. Inda iyaye mata ke faɗuwa shi ne mataki na uku. Sai uwa ta ga ƙafa ta miƙe, yaro kuma yana kuka da takalmin, tausayi ya kama ta, ta cire ta ajiye. To ki sani barin takalmin nan shi ne babban abin da ke sa ƙafa ta koma gidan jiya. Kukan 'yan kwanaki ne, zai saba.

Lokacin da yake da siminti, ki kare shi daga ruwa da fitsari, ki kuma riƙa duba yatsun kullum. Idan sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sauya, ko sun shige ciki ba ki ganinsu, ki koma asibiti a ranar.

An fi son a fara a mako na farko ko na biyu da haihuwa. Amma idan naki ya wuce haka, ko da ya fara tafiya, kada ki ce an makara. Ana yi wa manyan yara ma, sai dai yakan fi ɗaukar lokaci.

4. Zobe a gaɓa. Wani jariri yakan zo da wani zurfi da ya zagaye yatsa ko hannu ko ƙafa kamar an ɗaure da igiya, wani ma ya zo babu wani sashe na yatsa. Wasu zaruruwa ne na jakar da jariri ke kwance a ciki suke naɗe gaɓar. Idan kin ga ƙasan zoben ya kumbura ko ya yi duhu, wannan na gaggawa ne.

5. Gocewar ƙugu. Wannan ba a cika gane shi da ido ba. Ya fi samun 'ya'ya mata da waɗanda suka zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu. Alamarsa ita ce cinya ɗaya ta ƙi buɗewa kamar ɗaya idan kina sa nafkin, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta. A nan al'adarmu ta goyo alheri ce, domin ware ƙafafun jariri a bayan uwa yana taimaka wa ƙugu ya zauna. Abin gudu shi ne miƙar da ƙafafunsa a haɗe a ɗaure tamau da zani.

ABUBUWAN DA SUKA SHAFI JIJIYOYIN JINI

Ba duk tabo ne na jini ba. Tawadar Allah da shuɗin nan da ake gani a ɗuwawun jarirai na launin fata ne. Na jini kuwa ga su:

1. Ja-ja a ƙeya ko a fatar ido ko a tsakanin gira. Yana ƙara fitowa idan jariri na kuka. Ba ya cutarwa, na fuska yakan ɓace cikin shekara ɗaya ko biyu.

2. Tudun jini, wanda likitoci ke kira himanjiyoma. Yawanci ba a haihuwar jariri da shi a fili, sai a makonnin farko ya ɓullo kamar ɗan ƙurji ja ko mai duhu, ya yi ta girma da sauri. Girman ya fi ƙarfi a wata ukun farko, yakan lafa wajen wata 5, daga shekara guda kuma ya soma motsewa a hankali har tsawon wasu shekaru. Ya fi yawa ga 'ya'ya mata da bakwaini. Mafi yawansu ba sa buƙatar komai sai sa ido. Waɗanda ba a jira da su su ne: na kusa da ido, domin yana iya rufe gani ido ya lalace, na hanci da leɓe, na haɓa da wuya, domin wani yakan kasance har a maƙogwaro ya toshe numfashi, wanda ya fashe ya zama gyambo, na tsakiyar gadon baya ta ƙasa, da kuma idan sun kai biyar ko fiye, domin sai an duba hanta. A shekarar 2008 wasu likitoci a birnin Bordo na Faransa suka gano cewa wani maganin zuciya da hawan jini mai suna firofiranolol yana tsayar da girmansa. Likita ne kaɗai ke ba da shi bisa nauyin jariri, domin yana iya saukar da sukarin jini. Kada a saya a kemis. Kuma ya fi amfani idan an fara shi kafin tudun ya gama girma.

3. Shimfiɗaɗɗen tabo ja ko mai ruwan makuba, wanda ake haihuwar jariri da shi, sau da yawa a gefe guda na fuska. Kusan jarirai 3 cikin 1,000 ke da shi. Wannan ba ya ɓacewa, yana girma tare da yaro. Idan ya kama goshi ko fatar ido ta sama, lallai likitan ido da na yara su duba, domin wani lokaci yana tafiya tare da hawan ruwan ido ko farfaɗiya. Idan kuma a ƙafa yake, kika ga ƙafar ta fi 'yar uwarta kauri ko tsawo, shi ma sai an bi shi a asibiti.

4. Kumburi mai laushi. Wani shuɗi-shuɗi ne, yana cika idan yaro ya yi kuka ko ya saukar da gaɓar. Wani cike yake da ruwa, a wuya ko a hammata. Wani kuma yana da ɗumi, in kin ɗora hannu za ki ji yana bugawa kamar zuciya.

A nan ina roƙonki da babbar murya: kada ki yarda a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan irin wannan kumburi. Ba mugunya ba ce a ciki. Tarin jijiyoyin jini ne, kuma jinin jariri sabon haihuwa gaba ɗaya bai wuce cikin kofin shayi babba ba. Abin da babba zai zubar ya tashi ya kama harkarsa, shi zai iya raba jariri da ransa.

5. Manyan jijiyoyin da ke kusa da zuciya. Kusan jariri 1 cikin 100 yana zuwa da matsala a zuciya ko a manyan hanyoyin jininta. Ba a ganinta a fata, amma tana da alamu: harshe da leɓe su yi shuɗi, numfashi da sauri, gumi da gajiya yayin shan nono, da rashin ƙaruwar nauyi. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe idan an ga haka.

ME KE KAWO SU?

Mun sha jin ana cewa mai ciki ce ta fita da tsakar rana ko da magariba ta gamu da iska, ko ta yi wa gurgu dariya, ko ta yi kwaɗayin wani abu ba ta samu ba, ko kuma a ɗora wa kishiya. Wani jaririn ma har a kira shi ɗan ruwa. 'Yar uwa, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke da tushe a ilmin likita, kuma zargin Musulma da sammu ba tare da hujja ba zunubi ne babba. Gidaje nawa suka watse a kan irin wannan zato?

Gaskiyar magana, kusan rabin waɗannan larurori har yau ba a iya danganta su da wani dalili guda. Amma akwai sabubban da aka tabbatar:

Magunguna a farkon ciki. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid, wanda aka fara yi a Jamus ta Yamma, mata masu ciki suna sha don tashin zuciya. Sama da jarirai 10,000 a ƙasashe da dama aka haifa da guntayen hannaye da ƙafafu ko babu su ɗungum. Darasi ke nan ga mai laulayi da ke aika yaro kemis a haɗo mata magani. Haka wasu magungunan farfaɗiya, da na tsinka jini, da ƙwayoyin zubar da ciki idan cikin bai fita ba. Sai dai mai farfaɗiya kada ta daina maganinta da kanta, ta je likita ya duba mata tun kafin ta ɗauki ciki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma a yi hattara da su.

Ciwon suga da ba a kula da shi ba kafin ciki da farkonsa.

Cutar rubela, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mace a watannin farko tana taɓa zuciya da ido da kunnen jariri. Tana da rigakafi, kuma kafin ciki ake yi.

Shan taba, wanda ke ƙara haɗarin murɗaɗɗiyar ƙafa, da kuma giya.

Gado. Auren zumunci halal ne, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake samu a cikinsa lafiyayyu ne. Amma haɗarin yakan tashi daga kusan 2 ko 3 cikin 100 zuwa kusan ninkinsa tsakanin 'ya'yan wa da ƙane. Dangin da suka ga abu ɗaya yana maimaituwa, su nemi shawarar likita kafin a ƙulla wani auren.

Babban rigakafin da ke hannunki shi ne ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum. Tana kare jariri daga tsagewar ƙashin baya, wadda ita ma kan zo da murɗewar ƙafa da shanyewarta. Tunda mun ga ginin jiki yana farawa kafin mace ta san tana da ciki, to kamata ya yi ki fara sha tun kina sa ran ɗauka, ki ci gaba har wata ukun farko. Ki kuma fara awo da zarar kin yi ɓatan wata, kada ki bari sai ciki ya fito.

MENE NE MATSAYIN SHARI'A?

Wasu iyaye kan ce haka Allah Ya halicce shi, gyarawa canza halittar Allah ne. Niyyarsu mai kyau ce, amma akwai buƙatar bayani. Imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci al'ummarsa da neman magani. Sahabin nan Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, Annabi (SAW) da kansa ya umarce shi ya sa na zinare.

Gaskiya ne wasu malaman farko sun hana cire ƙarin yatsa sai idan yana cutarwa. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 da ta yi a Malesiya a shekarar 2007, ta yanke cewa ya halatta a gyara aibin da aka haifi mutum da shi, ta kuma ambaci tsagewar leɓe, da tabon haihuwa, da ƙarin yatsa, da mannewar yatsu, matuƙar barinsu zai cutar da jiki ko zuciyar mai su. Mayar da gaɓa ga aikin da aka halicce ta dominsa magani ne.

Game da fita kafin arba'in kuwa, jinin biƙi yana hana sallah da azumi da kusantar miji, amma bai hana fita don lalura ba. Zaman ɗaki al'ada ce mai kyau don hutun mai jego, sai dai ba ta kai lafiyar jariri ba. Idan ke ba ki da ƙarfi, maigida da kaka su kai shi.

Wanda kuma tawayarsa ba ta gyaruwa, darajarsa ba ta ragu ba ko kaɗan. Ahnaf ɗan Ƙais, shugaban ƙabilar Banu Tamim a Basra, karkatacciyar ƙafa gare shi, daga nan ma ya samu laƙabin Ahnaf. Duk da haka ya jagoranci rundunar Musulmi a yaƙe-yaƙen Khurasan, kuma har yau Larabawa da shi suke buga misali wajen haƙuri da dattaku. Amru ɗan Jamuh gurgu ne, ya nace sai ya fita yaƙin Uhudu, a can ya yi shahada. Saboda haka ki sa ɗanki a makaranta, boko da Islamiyya, ki hana 'yan uwansa tsokanarsa, kada kuma ki bari a mayar da shi abin bara.

ABIN DA ZA KI YI

Ranar da kika haihu, ko a gida ko a asibiti, ki buɗe jaririnki a wuri mai haske, ki ƙirga yatsunsa, ki duba tafin ƙafa da gadon baya da fata. Idan kin ga wani abu, ki gaya wa maigida a ranar, cikin natsuwa, ki nuna masa cewa abin yana da magani kuma jinkiri ne ke ƙara kuɗi da wahala. Ku fara da asibiti mafi kusa, su za su tura ku gaba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna da likitocin ƙashi. Idan tabo ne ko tudu, ki riƙa ɗaukar hotonsa da waya duk mako, zai taimaki likita ya ga yadda yake girma.

Idan kuma 'yar barka ce ke, kika ga irin wannan a gidan wata, ki riƙe bakinki a cikin taro, ki ja mai jego gefe ki faɗa mata abin da kika karanta a nan. Rassan ƙungiyarmu ma suna da rawar takawa, domin sau da yawa kuɗin motar zuwa asibiti duk mako shi ke sa uwa ta yanke magani a tsakiya. Ɗan abin da za a tara a taro zai iya tsayar da yaro da ƙafafunsa.

TAMBAYOYIN BITA A TARON RESHE

1. A wane lokaci na ciki ne hannu da ƙafa ke samuwa, kuma me wannan ke koya mana game da shan magani?
2. Ki kawo matakai uku na gyaran murɗaɗɗiyar ƙafa. Wanne ne aka fi sakaci da shi?
3. Waɗanne wurare ne tudun jini ke fitowa da ba a jira da su?
4. Wace amsa za ki ba surukar da ta ce gyara cindo canza halittar Allah ne?

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuri'armu bisa tafarkin Musulunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.